Idan An Sa Ki A Gaba A Gurup: Abin Yi Tun Daga Daren Farko Har Gaban Likita

Tun da aka koma karatu ban yi mako guda ba a kawo mini wannan tambaya ba. Wata ta tare ni a bakin titi a Ali Ɗan Sofo, wata ta aiko ƙawarta, wani kuma ya kira bayan isha'i yana cewa wai abokinsa ne abin ya sama. Maganar dai ɗaya ce: "Yaya, an sa ni a gaba a gurup ɗin WhatsApp, na rasa inda zan sa kaina, da me zan fara?" Na gaji da maimaitawa a vokal, wato saƙon murya, shi ya sa na zauna na jera shi a rubuce. Zan riƙa cewa "ki" don yawancin masu tambayar mata ne, amma duk abin da ke nan ya hau kan namiji.

Dalilin da ya sa ake zuwa wurina, na taɓa raka ɗiyar kawuna wannan tafiya. Tana shekarar farko a wata babbar makaranta a nan Maraɗi, barci ya sace ta a amfi, wato babban ɗakin lacca, baki buɗe, wani ya ɗauke ta hoto ya mai da shi sitika, ya liƙa mata suna. Kafin magariba duk wanda zai yi dariya a gurup ɗin ajinsu da fuskarta yake yi. Bayan kwana biyu sai ga vokal, wai da malami take cin jarrabawa. Don zafin rai ta goge komai, ta fice daga gurup. Da na je ganinta bayan mako uku, na tarar da tukunyar shinkafa a rufe tun ta jiya ba a taɓa ba, labule a sake da rana tsaka, ita kuma tana kwance da waya a ƙarƙashin matashi. Ranar da muka tashi kai ƙara, ba mu da ko hoto ɗaya a hannu.

Saboda haka ki bi matakan nan yadda na jera su. Wanda ya fara da na uku kafin na biyu ya yi asarar da ba ta dawowa.

1. Daren farko: hannu a aljihu

Abu uku ne zuciya za ta ba ki a wannan dare, kuma duka ukun kuskure ne: ki goge, ki fita daga gurup, ki rama.

Kada ki goge komai, ko da ganinsa na tayar miki da zuciya. Kada ki fita daga gurup tukuna, don da kin fita kin daina ganin abin da za a ƙara, kuma sau da yawa mafi munin maganar bayan fitar mutum ake yin ta. Ki kashe ƙarar gurup ɗin, ki jefa shi cikin arshif, yadda ba zai riƙa faɗo miki a ido ba.

Ramuwa kuwa ita suke jira. Ki rubuta dogon martani da ƙarfe ɗaya na dare, gobe shi ne sabon sitika.

*Gargaɗi:* dokar da za ta kama mai zaginki ita ce za ta kama ki idan kika zage shi ta waya. Ɗaliba ta je kai ƙara, a buɗe wayarta a tarar ta zagi uwar wani, sai magana ta koma "ku duka kun yi". Haka nan ki hana yayyenki maza da saurayinki shiga. Barazanar "za mu same ka a site", wato gidan kwanan ɗalibai, laifi ne mai zaman kansa.

2. Tara shaida kafin ta ɓace

Nan ne aikin yake, kuma da gaggawa, don shaidar waya tana da ƙafa. Sitatis na WhatsApp awa 24 yake yi ya tafi. Wanda ya turo saƙo yana da wajen kwana 2 da zai iya goge shi daga wayar kowa, admin ma yana iya goge na wani. Wasu gurup kuma an kunna musu saƙo mai ɓacewa da kansa, bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90.

Kayan aiki kaɗan ne: wayarki da caji, wayar wata aminiya, kile USB ko adireshin imel, da ƙaramin littafi da biro.

Ki ɗauki kaptir, wato hoton fuskar waya, na kowane saƙo. Kada ki yanke hoton don ya yi kyau. A bar sunan gurup a sama, lambar mai turowa, rana da lokaci. Idan kin adana mutumin da suna a wayarki, ki buɗe bayanansa ki ɗauki inda lambar ta fito ƙarara, don jami'in da zai karɓi ƙararki lamba yake nema, "Ɗan Iska Aji" da kika rubuta ba zai kai shi ko'ina ba. Ki lura ko lambar ta gida ce mai +227 ko ta tsallake mai +234. A Maraɗi kowa ya san sayen layin Najeriya ba wuya, amma kada hakan ya karya miki gwiwa, ki dai rubuta ta.

Vokal ba ya kaptir. Ki tura wa kanki shi ta imel, sannan ki ɗauki wayar aminiyarki ki yi bidiyon taki wayar tana kunna shi, ana ganin lambar mai turowa ana jin murya. Haka za ki yi da hoton da ake buɗewa sau ɗaya, tunda WhatsApp ya hana yi masa kaptir: ki shirya waya ta biyu kafin ki taɓa shi.

Daga nan ki fitar da hirar gaba ɗaya. A Tecno ko Itel ko Infinix, ki buɗe gurup, ki danna ɗigo ukun nan na sama, ki shiga "Plus", sai "Exporter discussion", ki zaɓi haɗe da hotuna, ki tura imel ɗinki. Yana cin mega, don haka ki sayi forfe na musamman saboda shi.

A Facebook da TikTok kaptir kaɗai bai isa ba, don ana canza sunan akawun cikin minti ɗaya. Ki kwafi adireshin shafin mutumin da adireshin abin da ya wallafa, ki ajiye.

Sai littafin. Kowane abu layi ɗaya: rana, lokaci, wa ya yi, me ya yi, su wa suka gani. Za ki ga kamar wahalar banza ce, amma ranar da aka zaunar da ke aka ce "faro daga farko", ga kunya ga kuka, littafin ne zai yi magana.

*Gargaɗi:* shaida wuri biyu ake ajiye ta, ɗaya a wajen wayar. Waya na faɗawa ruwa, ana fizge ta a kan kabu-kabu. Kuma kada ki rarraba wa ƙawaye "ku ga abin da aka yi mini". Kowace turawa ƙarin yaɗawa ce.

Idan karanta saƙonnin ya fi ƙarfinki, ki miƙa wa aminiya wayar ta yi miki wannan aiki, ke ki fita tsakar gida.

3. Yanzu ki rufe ƙofofi

Sai shaida ta kammala ake toshe mutum. Ki kai rahotonsa ga WhatsApp da "Signaler", wanda ke tura musu saƙonni 5 na ƙarshe da ya aiko miki, sannan ki toshe shi. A wasu wayoyin, haɗa rahoto da toshewa yana share hirar, wannan ma dalili ne na gama mataki na biyu tukuna.

Ki shiga "Paramètres", sai "Confidentialité". Hoton fuskarki, sitatis da lokacin da kika hau, duk ki mayar da su ga waɗanda ke cikin lambobinki kaɗai. A wurin "Groupes" ma haka, don kada a riƙa jefa ki sabon gurup da aka buɗe musamman dominki. Akwai kuma inda ake kashe ƙarar kiran baƙuwar lamba.

Abu biyu da ake mantawa. Na farko, "Appareils connectés". Duk wanda ya taɓa riƙe wayarki na minti biyu, ko wurin caji, ko wurin gyara, ko tsohon saurayi, yana iya haɗa WhatsApp ɗinki da wata na'ura ya zauna yana karanta komai. Ki duba, ki cire duk abin da ba ki gane ba. Na biyu, ki kunna tabbatarwa mai hawa biyu, ki sa lamba 6 wadda ba ranar haihuwarki ba. Lambar da ke zuwa ta SMS kuwa ba a ba kowa ita, ko da ya ce delege ne, wato wakilin aji, yana sabunta jerin aji.

Ki canza kalmar sirrin Facebook da imel. Idan an buɗe akawun da sunanki da hotonki, ki kai rahoton cewa ana shigar burtu da sunanki, ki sa mutane biyar ko shida na kusa su ma su kai. Masu amfani da WhatsApp GB da ire-irensa, na san daɗinsa shi ne ganin saƙon da aka goge, amma ba na kamfanin ba ne, ba ki san wanda ke riƙe da hirarki ba, kuma ana iya rufe miki lamba a kansa. Ki kwashe shaidarki ki koma na asali.

4. Faɗa wa mutum ɗaya mai hankali

Ba duniya ba, mutum ɗaya. Yaya, goggo, matar kawu, malama, duk wanda kika san ba zai fara da "ke ma me ya kai ki?" ba. Yawancin ɗalibai na ɓoyewa ne don tsoron a karɓe waya, ko a ce karatun ya isa haka, ta dawo gida a yi mata aure. Tsoron ba na banza ba ne, shi ya sa zaɓen wanda za a fara faɗa wa yake da muhimmanci. Shi ne zai shige gaba ranar da za a sanar da Baba.

Idan bakin ya yi nauyi, ga yadda ɗiyar kawuna ta ce da ni, kuma ya isa: "Yaya, akwai abin da ake yi mini a waya, ya hana ni barci. Ba na son faɗa, so nake ki zauna ki gani."

Ke kuma da aka kawo wa, ki riƙe "ki yi haƙuri", "ki share su" da "ai waya ce kawai" a bakinki. Ta gwada sharewar ta kasa, shi ya sa ta zo.

5. Ɓacin rai ne ko ciwon damuwa?

Wannan mataki ba ya jiran a gama sauran. Mutane na zuba ƙarfinsu duka a kan gano mai lambar, su manta da yarinyar da ke kwance a ɗaki.

Duk wanda aka ci wa mutunci zai yi kuka, ya ƙi cin abinci kwana biyu. Wannan ɓacin rai ne, yana saukowa. Ciwon damuwa shi ne wanda ya zauna. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne mako 2: a ce kusan kullum, mafi yawan yini, mutum na cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin abin da a da yake so, sannan ga wasu daga cikin waɗannan:

- barci ya ƙaurace, ko a farka ƙarfe uku na dare a kasa komawa, ko kuma a wuni ana barci
- abinci ya fita a rai, zane ya fara yin yawa, ko akasin haka
- gajiya ba tare da an yi aiki ba
- a karanta shafi ɗaya sau huɗu ba abin da ya zauna
- ganin kai ba a bakin komai ba, da ɗora wa kai laifin komai
- jiki ya yi sanyi har magana ta ja, ko a kasa zama wuri ɗaya
- tunanin mutuwa, ko na cutar da kai

A wurinmu ba kasafai mutum ke cewa "ina cikin ƙunci" ba. Abin da za ki ji shi ne "kaina ke ciwo", "gabana ke faɗuwa", "tunani ya yi mini yawa", "jikina ba ƙarfi". Sai a sha maganin masassara zagaye biyu, a koma na taifot, ciwon na nan inda yake.

Abin da ya sa na waya ya fi na baki cin rai, ba ya tashi. Wanda aka yi wa dariya a fada yana iya ɗaukar takalminsa ya tafi gida. Wannan kuwa yana bin ki har kan katifa, kina sake karantawa, kina lissafin su wa suka gani, ba ki san ko wadda ke gefenki a resto, wurin cin abincin ɗalibai, tana cikinsu ba. Barci ya lalace, a daina zuwa amfi don gudun ido, kaɗaici ya ƙaru, maki ya faɗi, faɗuwar makin ta zama sabon abin damuwa. A 2018 masu bincike a jami'o'in Birtaniya, ciki har da ta Swansea da Oxford, sun haɗa nazarce-nazarcen da suka shafi yara da matasa fiye da 150,000 a ƙasashe 30, suka ga waɗanda aka ci wa zarafi ta intanet sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen cutar da kansu ko yunƙurin kashe kai. Don haka idan na ce a duba ta, ba shagwaɓa nake koya mata ba.

Ki koma littafin nan, ki buɗe shafi daga baya. Kowace safiya ki rubuta awa nawa kika yi barci, sau nawa kika ci abinci, kin je aji ko ba ki je ba. Da dare kuma wayar ta kwana nesa da katifa, ko a hannun abokiyar ɗaki.

*Gargaɗi mafi girma:* tunanin kashe kai ba ya jiran mako 2. Idan ya zo miki, yau za ki faɗa wa wani, yau za a je asibiti. Idan ke ce abokiyar ɗaki, kika ji tana cewa "da na huta", "ku yafe mini", ko ta fara rabar da kayanta, ki tambaye ta kai tsaye: "Ƙawa, kina tunanin kashe kanki ne?" Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. Idan ta ce e, kada ki bar ta ita kaɗai, ki kwashe magunguna da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutarwa daga ɗakin, ki kira babba, ku nufi sashen gaggawa. Alkawarin "ba zan faɗa wa kowa ba" ba ya aiki a nan. Idan har ta sha wani abu, kada a tsaya ba ta madara ko manja ko sa ta amai, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17.

6. Zuwa asibiti

Ki fara da mafi kusa: ɗakin shan magani na ɗalibai, ko CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku. Daga can ake tura mutum babban asibitin jiha, wato CHR, ko Hôpital de Référence na Maraɗi. Ki faɗa da bakinki cewa mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa kike son gani. Na san abin da ke zuwa zuciya: "wurin mahaukata". Yawancin masu zama a wannan benci mutane ne irinki, masu rashin barci da yawan tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon damuwa a duniya sun haura miliyan 280, kuma ya fi kama mata.

Ki tafi da mai rakiya, da littafinki, da katin ɗalibi, da duk maganin da kike sha. Ki tanadi kuɗin ganin likita, na kabu-kabu da na farmasi. Idan ordonans, wato takardar magani, ta yi nauyi, ki tambayi samfurin jenerik, ya fi araha kuma aikinsu ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi a ɗakin likita shi ne a ce "ciwon kai" a yi shiru, a fito da farasitamol. Ki ce: "Likita, mako uku ke nan ba na barci, na daina zuwa aji, ana cin zarafina a waya, kuma ina jin rayuwa ta fita a raina." Wataƙila a yi miki tambayoyi 9 a jere a kan makonni biyun da suka wuce, ki amsa da gaskiya.

Ba kowa ake ba ƙwaya ba. Mai sauƙi, zama da mai ba da shawara da gyaran barci da komawa cikin mutane kan wadatar. Idan an rubuta magani, irin su fluoxetine ko amitriptyline, ki san ba ya aiki a kwana uku. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, kafin a ji sauƙi, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an warware. Kada ki yanke shi da kanki. Idan a makonnin farko kika ji hankalinki ya ƙara tashi, ki koma wurin likita ba tare da jiran ranar da aka ba ki ba.

*Gargaɗi:* ban da ƙwayar barci ta mai tebur, ban da tramol, ban da ragowar maganin wata. Suna kwantar da dare ɗaya su buɗe wata ƙofar da ta fi wannan wuyar rufewa.

Za a ce miki aljanu ne, ko sammu, ko raunin imani. Ki yi addu'arki, ki yi azkar, a yi miki tofi in kina so, ba wanda ya hana. Amma hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma ba wanda ke ce wa mai hawan jini imaninsa ne ya yi rauni.

7. Idan akwai hoton tsiraici ko ana neman kuɗi

Kada ki biya. Wanda aka tura wa jika goma ta Nita ko Amana yau, jibi jika hamsin zai nema, hoton kuma yana nan a hannunsa. Kada ki ƙara tura wani hoton don a goge na farko. Ki yi kaptir na barazanar da lambar da ya ce a tura kuɗi, don masu karɓar kuɗi suna nuna takardar shaida, wannan lamba kan fi komai saurin kai wa ga mutum. In kin riga kin tura, ki adana rasit.

Akwai shafin StopNCII.org, kyauta ne, na waɗanda suka kai shekara 18. Hoton ba ya barin wayarki. Shafin yana ciro masa wata lambar shaida ne, ya miƙa wa kamfanoni irin su Facebook, Instagram da TikTok don su tare shi idan an zo ɗorawa. Idan an ɗauki hoton kina ƙasa da 18, Take It Down ake amfani da shi. Amma ba sa shiga cikin hirar WhatsApp, saboda haka wannan hanya ba ta maye gurbin kai ƙara.

A wannan hali babu zancen sulhu a ɓoye, kuma kada ki je inda ya ce ku haɗu "a goge a gabanki".

8. Sulhu ko ƙara

Idan abin bai wuce sitika da habaici ba, kuma kin san masu yi, a fara daga ciki. Mai rakiyarki ya sami admin da delege, a nemi abu uku: a goge, a janye maganar a cikin gurup ɗin da aka yi ta, a cire wanda ya sake. Ban-haƙuri a ɓoye bayan an ci mutunci a gaban ɗaruruwa bai biya ba. In an ƙi, a rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe ko duwayen, wato shugaban tsangaya, a riƙe kwafi mai hatimi. A jami'ar Dan Dicko Dankoulodo akwai ƙungiyar ɗalibai, akwai kuma CROU mai kula da site da resto, idan matsalar ta bi ki har ɗakin kwana. Inda manya suka shiga, ayoyi na 11 da 12 na Suratul Hujurat, masu hana izgili da jifa da munanan laƙabi da bin diddigi da gulma, sukan sanyaya bakin iyayen da suka zo kare ɗansu.

Idan akwai ƙazafi, barazana, hoto, ko an yi sulhu an koma, sai hukuma. Nijar na da dokar laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019. A 2022 an cire ɗauri daga laifin zagi da ɓata suna, amma a Yunin 2024 aka dawo da shi: ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam kuwa shekara 2 zuwa 5 ne da tarar miliyan 2 zuwa 5. Masu "ni dai turawa na yi" su ma su karanta wannan da kyau.

Ƙofa uku ce: komisariya, jandarmeri, ko takarda kai tsaye zuwa ga alƙali mai shigar da ƙara, wato procureur, a babbar kotun Maraɗi. Ki tafi da katin ɗan ƙasa, wayar da kanta, kile, da kaptir ɗin da aka buga a takarda, kwafi biyu, an jera su bisa kwanan wata. Wurin bugawa ki tsaya a kan mai kwamfuta har ya gama, ki ga ya goge daga injinsa, hoton tsiraici kuma ba a kai shi can sam. Jika biyu ko uku sun isa bugu da abin hawa idan shafukan ba su yi yawa ba. Shigar da ƙarar kanta ba a biya. Abin da ke cin kuɗi shi ne lauya, da wusiye, wato ma'aikacin shari'a mai tabbatar da shaida a rubuce, idan kina son ya duba wayar ya rubuta takardar tabbatar da abin da ya gani, wadda ke da nauyi a gaban alƙali. Ki tambayi farashinsa kafin ya fara. Marar hali ta nemi ofishin ANAJJ a kotu, hukumar da ke taimaka wa talaka da shawarar shari'a kyauta.

Ƴan sanda na da sashen kare mata da ƙananan yara, ki tambaye shi, kuma kina iya roƙon mace ta saurare ki. Kafin ki sa hannu a kan bayaninki, ki karanta, ko a fassara miki da Hausa. Ki rubuta ranar da sunan ofishin da lambar takardar a littafinki.

*Gargaɗi:* kada ki yi shelar "na kai ku ƙara" a sitatis. Kin ba su daren goge komai da jefar da layi. Kuma ki shirya wa ranar da iyayen yaron za su cika zauren gidanku da ban-baki, har da limamin unguwa. Yafewa hakkinki ne, ƙin yafewa ma haka, amma kada a yanke a bayan idonki. Gano mai ɓoyayyen akawun kuma yana ɗaukar lokaci, wani sa'in ba a gano shi. Shi ya sa ba a jingine zuwa asibiti sai shari'a ta ƙare.

9. Komawa amfi

Idan kin rasa darussa ko dabuwar, wato gwajin aji, ki karɓi takardar likita ki kai eskolarite, ofishin rajistar ɗalibai, da wuri, kafin a rufe maki, ki tambayi yadda za ki rama. Takardar ba sai ta faɗi sunan ciwon ba.

Kada ki jira sai kin ji ƙarfi kafin ki koma, ƙarfin a hanya yake zuwa. Ki zaɓi darasi ɗaya, na safe, wanda kika fi so. Ɗiyar kawuna ranar Talata ta koma. Ƙawarta ta zo ta ɗauke ta tun bakwai da rabi, suka shiga kafin amfi ya cika, suka zauna layi na uku kusa da ƙofa don in abin ya yi mata yawa ta fita ba tare da ta ratsa mutane ba. Minti arba'in ta yi ta fito. Ranar Alhamis ta kai ƙarshen darasin.

Sanarwar aji kuwa, ba dole sai kin koma babban gurup ba. Ki roƙi delege ko ƙawa ɗaya ta riƙa turo miki jadawali da canjin ɗaki kai tsaye, har zuwa ƙarshen zangon.